Dalilan da Suka Zubar da Ƙimar Wasu Manhajojin Riga-kafi a Idon Masu Gyaran Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa wurin mai gyara saboda ta yi nauyi, ko tana ɓata lokaci kafin ta tashi, mai yiwuwa ya ga wani abu da ya ɗaure masa kai. Kafin mai gyaran ya ɗauki sukundireba, sai ya fara duba jerin manhajojin da ke cikinta, kuma sau da yawa abin da yake fara cirewa shi ne manhajar riga-kafi, wadda aka fi sani da antibairos. Ita ce kuwa mai kwamfutar ya ɗauka garkuwarsa, wani ma da kuɗinsa ya saye ta. Idan aka tambayi mai gyaran dalili, ba kasafai yakan tsaya dogon bayani ba, sai dai ya ce ita ce ta cinye kwamfutar.

Wannan ra'ayi ba na masu gyaran bakin kasuwa ba ne kawai. A watan Janairun 2017, wani tsohon injiniyan kamfanin Mozilla mai suna Robert O'Callahan ya fito fili ya shawarci jama'a da su cire duk wata manhajar riga-kafi daga kwamfutocinsu, in ban da ta kamfanin Microsoft. A wannan babi za a duba yadda irin wannan manhaja take aiki, da kuma abubuwan da suka faru har masu sana'ar suka koma yi wa wasu daga cikinta kallon hadarin kaji.

Yadda Manhajar Riga-kafi Take Aiki

Ƙwayar cutar kwamfuta, wato bairos, ba halitta ba ce. Ƙaramar manhaja ce da wani ya zauna ya rubuta domin ta riƙa kwafar kanta daga wannan na'ura zuwa waccan, tana ɓarna ko tana sata. Ta farko da ta bazu a irin kwamfutocin da aka fi amfani da su a ofisoshi ita ce Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan a shekarar 1986. Ba a daɗe ba sai maganinta ya zama sana'a. John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1987, kamfanin Symantec kuma ya fitar da Norton AntiVirus a 1991.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Kamar yadda a da ake gane asalin mutum ta hanyar tsagar fuskarsa, haka kowace ƙwayar cuta take da wasu alamomi a jikin rubutunta da suka bambanta ta da sauran. Kamfani yakan tattara waɗannan alamomi a kundi guda, manhajar ta riƙa gwada kowace jakar bayani da abin da ke cikin kundin. Idan tsaga ta yi daidai, an kama mai laifi. Matsalar ita ce, wanda ba a taɓa ganin tsagarsa ba zai wuce salin-alin. Masu rubuta cututtukan sun gane haka tun da wuri, sai suka koyi sauya musu kama a kowace kwafa. Cibiyar AV-TEST da ke birnin Magdeburg na Jamus ta bayyana a farkon shekarun 2020 cewa tana rajistar sabbin miyagun manhajoji da makamantansu fiye da 450,000 a kowace rana. Babu kundin da zai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan yawa.

Saboda haka aka ƙara dabara ta biyu, wato lura da ɗabi'a. Manhajar takan sa ido a kan abin da kowace manhaja take yi, idan ta ga wadda take shisshigi a inda bai kamata ba, sai ta yi zarginta. Zargi kuwa ba tabbas ba ne. Tun a shekarun 1980 masanin nan Fred Cohen ya nuna ta hanyar lissafi cewa ba zai yiwu a ƙirƙiri hanyar da za ta gane kowace ƙwayar cuta ba tare da kuskure ba. Ke nan dole ne ko dai mai laifi ya kuɓuce, ko kuma a kama marar laifi.

Akwai wani abu guda da ya wajaba a riƙe, domin kusan duk ƙorafe-ƙorafen da za su biyo baya daga gare shi suka samo asali. Manhajar riga-kafi ba ta zama a gefe kamar manhajar rubutu ko ta kallon hoto. A can cikin zuciyar babbar manhajar kwamfuta take kafa sansani, inda take da ikon buɗe komai, da tsayar da komai, da goge komai. Misalinta kamar maigadi ne da aka damƙa wa makullan kowane ɗaki na gida, har da na taska.

Nauyi da Wuyar Rabuwa

Ƙorafin da ya fi daɗewa shi ne na nauyi. Tun da manhajar tana tare kowace jaka ta bincike ta kafin a buɗe, dole ta ci wani kaso na ƙarfin kwamfutar. A tsakiyar shekarun 2000 abin ya yi ƙamari, domin kamfanoni sun shiga gasar cusa ƙarin kaya a cikin manhajojinsu: mai tace wasiƙu, mai tsare yara, mai ajiyar kalmomin sirri, mai share tarkace, da sauransu. Kwamfutocin wancan zamani kuwa ma'adanarsu ta wucin-gadi, wadda masu gyara ke kira ram, sau da yawa ba ta wuce megabait 256 ko 512 ba. Norton ta wancan lokaci ta yi ƙaurin suna a kan haka, har sai da kamfanin ya sake mata gini a fitowar 2009 domin rage mata nauyi. An rage ɗin, amma sunan da ya riga ya ɓaci bai dawo da wuri ba, domin mai gyaran da ya sha wuyar abu sau ɗari ba talla ce za ta sauya masa ra'ayi ba.

Haka kuma, cire ta ma aiki ne. Sau da yawa idan aka bi hanyar da aka saba cire manhaja, sai ta bar saiwoyinta a ciki, su hana wata sabuwa zama, ko su toshe hanyar shiga intanet. Symantec da McAfee duk sai da kowannensu ya fitar da wata manhaja ta musamman wadda ba ta da wani aiki sai tumɓuke manhajarsa. Shi kansa John McAfee, wanda ya bar kamfanin tun 1994, ya fitar da wani bidiyon barkwanci a 2013 yana yi wa manhajar da ke ɗauke da sunansa ba'a a kan wuyar cirewa.

Kama Marar Laifi

Nauyi abin haƙuri ne. Abin da masu kula da kwamfutocin ma'aikatu ba sa mantawa shi ne ranar da maigadi ya far wa masu gida.

A ranar 21 ga Afrilun 2010, kamfanin McAfee ya aika wa abokan cinikinsa sabon kundin alamomi mai lamba 5958. A cikinsa akwai kuskuren da ya sa manhajar ta ɗauki wata jaka mai suna svchost.exe a matsayin ƙwayar cuta. Wannan jaka kuwa ginshiƙi ce a babbar manhajar Windows XP, idan babu ita harkokin kwamfutar ba sa tafiya. Nan take kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban suka shiga mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa. A jihar Rhode Island ta Amurka wasu asibitoci sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A Ostareliya, kamfanin manyan kantuna na Coles ya rufe wasu rassansa domin injinan karɓar kuɗi sun tsaya. Abin da ya fi ƙona wa ma'aikata rai shi ne, kwamfutocin da abin ya shafa sun rasa hanyar sadarwa, don haka ba a iya aika musu gyara daga nesa. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ofis-ofis, da filashi a hannu. Ma'aikacin da yake kula da kwamfuta dubu biyu ya san abin da wannan yake nufi.

Ba McAfee kaɗai ba ne. A watan Mayun 2007, Norton ta killace jakunkuna biyu na Windows XP mai harshen Sinanci, dubban kwamfutoci a ƙasar Sin suka kasa tashi. A 2011 manhajar Microsoft Security Essentials ta ɗauki burauzar Chrome a matsayin manhajar satar bayanan banki, ta goge ta daga kwamfutocin mutane. Na kamfanin Sophos ya fi ban dariya: a watan Satumbar 2012 manhajarsa ta zargi sashenta mai karɓo sabuntawa da cewa cuta ne, ta kama kanta da kanta, ta kuma toshe ƙofar da gyaran zai shigo.

Mafi girman irin wannan haɗari ya auku ne a ranar 19 ga Yulin 2024. Kamfanin CrowdStrike, mai sayar wa manyan ma'aikatu manhajar tsaro ta zamani da ake kira Falcon, ya aika wata 'yar ƙaramar sabuntawa mai lahani. Wannan karon ba a zargi wata jaka ba, manhajar ce da kanta ta yi tuntuɓe a cikin zuciyar Windows, ta faɗi da ita gaba ɗaya. Kamfanin ya janye sabuntawar cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Bankuna da asibitoci da gidajen talabijin sun tsaya, kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke tashi kimanin 7,000 a cikin kwana biyar. A nan ma da hannu aka bi akasarin kwamfutocin. Ƙwayoyin cuta kaɗan ne a tarihi suka yi ɓarnar da ta kai wannan a rana guda. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Akwai kuma waɗanda wannan matsala take ci a ɓoye, wato ƙananan masu rubuta manhaja. Mutum zai rubuta manhaja mai tsabta, ta lissafin albashi ko ta sakamakon jarrabawa, sai antibairos ta hana ta aiki don kawai ba ta san ta ba. Kafin ya shawo kan kamfanin ya gyara, masu saye sun riga sun ɗauke shi mayaudari.

Lokacin da Maigadi Ya Zama Ƙofa

Wannan dalili ya fi wuyar fahimta ga wanda ba ɗan sana'a ba, amma a wurin masana tsaro shi ne mafi nauyi. Aikin manhajar riga-kafi ya tilasta mata buɗe duk abin da ya shigo kwamfuta, mai kyau da mugu, tun kafin mai ita ya taɓa shi. Idan akwai rauni a yadda aka rubuta ta, ɗan kutse zai iya shirya jaka ta musamman wadda buɗe ta kawai zai ba shi iko. Ikon da zai samu kuwa shi ne na maigadin, wato makullan gida duka.

Wani mai bincike a kamfanin Google, Tavis Ormandy, ya shafe shekaru yana tona irin wannan rauni a manhajojin kamfanoni da dama. A watan Yunin 2016 ya bayyana cewa a manhajojin Symantec da Norton, aika wa mutum wasiƙar imel kawai ya isa a mallake kwamfutarsa, ko da bai buɗe wasiƙar ba. Ya kuma gano cewa kamfanin yana amfani da wasu sassan rubutu da ya aro daga waje waɗanda ya yi aƙalla shekara bakwai bai sabunta ba. Kamfanin da sana'arsa ita ce gargaɗin mutane su riƙa sabunta manhajojinsu ke nan. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. An toshe waɗannan kafofi bayan an bayyana su, kuma adalci ne a faɗi cewa a 2017 an samu makamancin wannan rauni a manhajar Microsoft ita ma.

Masu ƙera burauza suna da nasu ƙorafin. Sadarwa tsakanin mutum da bankinsa, alal misali, a kulle take tafiya ta yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba. Domin su leƙa ciki, wasu manhajojin riga-kafi sukan tsaya a tsakiya, su kwance kullin, su duba, su sake ɗaurewa da nasu. Wani bincike da masana daga jami'o'i da kamfanonin Google da Mozilla suka fitar a 2017 ya nuna cewa yawancin manhajojin da aka gwada ɗaurin da suke mayarwa bai kai na asali ƙarfi ba. Irin wannan ne ya harzuƙa O'Callahan da aka ambata a farko.

Halin Kasuwanci

Kuskure ana yafe shi. Abin da ya fi ɓata zumunci tsakanin masu gyara da wasu kamfanonin shi ne abin da aka yi da gangan.

Sabuwar kwamfuta takan zo da manhajar gwaji ta kwana talatin ko makamancin haka, wadda kamfanin riga-kafi ya biya mai ƙera kwamfutar ya saka. Idan wa'adin ya cika sai ta daina karɓar sabon kundi, ta koma cika fuskar kwamfuta da jajayen gargaɗi. Wanda ya tsorata ya biya da katinsa, sai ya tarar ana cire masa kuɗi duk shekara ba tare da ya nema ba. A shekarar 2009, Symantec da McAfee sun amince kowannensu ya biya dala 375,000 ga hukumomin jihar New York a kan wannan ɗabi'a ta sabunta rajista ba da cikakken sanin mai saye ba.

Su kuma masu bayarwa kyauta, ta wata hanyar suke fanshewa. A watan Janairun 2020, binciken 'yan jarida ya fallasa cewa kamfanin Avast, wanda kuma ya mallaki AVG tun 2016, yana tattara bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen a cikin watan. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5, ta kuma ce ya sayar da bayanan ga kamfanoni fiye da ɗari tsakanin 2014 da 2020, alhali yana tallata manhajar a matsayin mai hana bin diddigin mutane. An ba kura ajiyar nama. A 2021 kuma Norton ta saka wani sashe na haƙar kuɗin intanet na Ethereum a cikin manhajarta, wanda idan mutum ya kunna, kamfanin zai ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da aka samu. Masu gyara sun daɗe suna cire irin wannan manhajar haƙa daga kwamfutocin mutane a matsayin cuta, sai ga ta ta zo a cikin magani. An daina shirin a 2022.

Siyasa ma ta shigo. Gwamnatin Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da Kaspersky ta ƙasar Rasha a 2017, sannan ta hana sayar da ita a ƙasar baki ɗaya a 2024, bisa tsoron cewa hukumomin Rasha za su iya amfani da ita. Kamfanin ya musanta zargin, kuma manhajarsa tana cikin masu samun sakamako mai kyau a gwaje-gwaje. Abin lura a nan shi ne, gardamar ba a kan iya kama cuta ba ce, a kan wanda za a yarda a ba makullai ce.

A gefe guda kuma ga 'yan damfara da suka ga tsoro yana kawo kuɗi. Manhajojin jabu irin su WinFixer da XP Antivirus sukan nuna wa mutum hoton bincike na ƙarya, su ce an sami cututtuka barkatai, ya biya a goge. Hukumomin Amurka sun ce mutum fiye da miliyan ɗaya aka yaudara a wata damfara guda da kotu ta dakatar a 2008. Kamfanonin gaskiya ba su da hannu a ciki, sai dai salon gargaɗin wasunsu ya yi kama da na jabun har mai kwamfuta ba ya iya bambancewa.

Abin da Masu Gyara Suke Yi a Yau

Duk da abin da ya gabata, kuskure ne a fahimci cewa masu gyara suna cewa a zauna babu kariya. Abin da ya sauya shi ne, tun daga Windows 8 a 2012, babbar manhajar tana zuwa da cikakkiyar riga-kafinta mai suna Defender. A farko ba ta taka kara ta karya ba a gwaje-gwaje, amma zuwa ƙarshen shekarun 2010 ta kamo manyan a sakamakon cibiyoyi irin su AV-TEST da AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya. Idan mai gyara ya cire waccan manhajar gwaji da ta mutu, ba tsirara ya bar kwamfutar ba. Defender takan kashe kanta ne idan ta ga wata riga-kafi a ciki, ta kuma farka idan aka cire ta.

A wuraren gyara irin su kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, akwai ƙarin dalilai na gida. Yawancin kwamfutocin da ake kawowa na hannu ne, tsofaffi, masu ƙaramin ram, waɗanda manhaja mai nauyi take durƙusar da su. Sabunta kundi yana cin data, don haka sai a tarar da antibairos ta shekara ba ta ga intanet ba, tana nan dai da koriyar alamarta, mai ita yana barci da munshari. Wani zai saka biyu ko uku a kwamfuta ɗaya don neman ƙarin tsaro, su kuwa su kama kokawa da juna a kan kowace jaka. Wani kuma wadda aka fasa ya sauko da ita daga wani shafi don gudun biyan kuɗi, ba tare da sanin abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba. Da yawa kuma suna kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina toshe wa kafofi tun Janairun 2020, kuma babu riga-kafin da zai maye gurbin wannan toshiyar. A irin waɗannan, ba laifin kamfani ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Cutar da ta fi addabar ɗalibai ita ce wadda ake ɗauka a filashi a shagunan buga takardu. Ɗalibi zai kai kundin bincikensa a buga, ya dawo ya tarar duk jakunkunansa sun rikiɗe sun zama 'yan alamomi masu kibiya. Galibi ba a goge aikin ba, ɓoye shi cutar ta yi, ta ajiye nata a madadinsa domin duk wanda ya latsa ya kamu. Babbar manhajar riga-kafi takan goge cutar da alamomin, amma ta bar jakunkunan a ɓoye, ɗalibin ya ga filashi fayau ya ɗauka antibairos ce ta cinye masa aikin shekara. Wannan giɓi ne ya sa wata ƙaramar manhaja 'yar ƙasar Indunusiya mai suna Smadav ta samu karɓuwa a shagunan, domin tana tsabtace filashi ta kuma fito da abin da aka ɓoye. Mai gyaran da ya san aikinsa ma ba ya buƙatarta: umarni ɗaya mai suna attrib yake rubutawa, cikin daƙiƙa kaɗan jakunkunan su bayyana, ya kwashe su zuwa wani wuri, sannan ya wanke filashin gaba ɗaya.